Ciyaman Yana da Lauya, Ƙaramar Hukuma Ba Ta da Shi

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, zance ɗaya ake yi: kuɗin sun shigo ko ba su shigo ba. A gidajen rediyo shi ne, a majalisar ƙofar gida shi ne, a bakin 'yan NULGE, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, ma shi ne. Ban ga laifin kowa ba, don asusun haɗin gwiwa da jiha ya daɗe yana tatsar ƙananan hukumomi, aiwatar da hukuncin kuma tafiyar hawainiya yake yi. Sai dai hukuncin ya zo da wani kaya da ba a cika waiwayarsa ba. Duk wanda aka ce ya riƙe kuɗinsa, an ce ya riƙe shari'arsa ke nan. Kwangilar da za a sa wa hannu tasa ce, ƙarar da za a shigar a kansa za ta sauka, asusun da kotu za ta ba da umarnin a taɓa nasa ne. To sakatariya nawa ce, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, za ka shiga ka ce a nuna maka ofishin lauyan ƙaramar hukuma, a nuna maka ƙofa, ka yi sallama a amsa?

Za a ce ai kowane ciyaman yana da lauya. Gaskiya ne, yana da shi. Shi ne wanda ya tsaya masa lokacin rigimar fid da gwani, ko wanda jam'iyya ta turo, aka ba shi muƙamin mai ba da shawara kan shari'a a jerin masu ba da shawara goma sha wani abu. Tare suka zo, tare za su tafi, fayilolin ƙararrakin da ya riƙe kuma suna cikin but ɗin motarsa. A wasu wuraren akwai wani ofishin lauyoyi a babban birnin jiha da ake biya kuɗin riƙo, ba a tuna da shi sai ranar da ma'aikacin kotu ya kawo sammaci. Duka biyun ba su ne nake nufi ba. Ina nufin ma'aikaci mai kujera a sakatariya, wanda takarda ke bi ta teburinsa kafin ta kai ga alƙalamin ciyaman, wanda kuma zai ci gaba da zama a wurin bayan an sauke hoton wannan ciyaman daga bango an rataye na wani.

Da can ana fakewa da cewa ma'aikatar shari'a ta jiha tana nan, Antoni Janar zai kula da komai. Wannan mafaka ta fara yoyo. A Disambar 2025 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar da Antoni Janar na jihar Osun ya shigar kan kuɗin ƙananan hukumomin jihar 30 da aka riƙe, bisa dalilin cewa ba shi da hurumin yin ƙara a madadinsu. Su ke da haƙƙi, su za su nemi abinsu. Ko ba don wannan hukunci ba ma, hankali kaɗai ya isa. Antoni Janar kwamishina ne, gwamna ya naɗa shi, gwamna ke iya sallamarsa kafin la'asar. Ranar da muradin ƙaramar hukuma ya ci karo da na gidan gwamnati, kan kuɗi ko kan fili ko kan wa ke da ikon karɓar harajin tasha, wa zai tsaya wa?

Bari mu fara da ƙasa, tunda a nan ne jini ke zuba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna, wannan kowa ya sani. Abin da da yawa ba su sani ba, har da wasu da ke zaune a kan kujerar, shi ne dokar ta raba aikin gida biyu. Ƙasar da aka ayyana a matsayin birni tana ƙarƙashin gwamna, sauran kuwa ƙaramar hukuma ce ke kula da ita. Sashe na 6 ya ba ta ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya don noma da zama da kiwo, ya kuma sa mata iyaka: kada ta wuce hekta 500 ga mutum ɗaya don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar gwamna. Ya ba ta ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma ya ɗora mata biyan diyyar abin da mai fili ya kafa a kai, in gona ce kuma ta ba shi wata gonar a madadinta. Dokar ta ce kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin ba da shawara kan rabon filaye. Wani abin lura: kwamitin filaye na jiha, doka ta wajabta a sa lauya a cikinsa. Na ƙaramar hukuma ba ta wajabta ba. Shekaru sama da 45 ke nan, giɓin yana nan yadda aka bar shi.

Ga yadda giɓin yake a ƙasa. Gari ya matso, gonakin bakin gari sun yi daraja. Dillalai suka zo da igiya da turaku, aka yanka fuloti hamsin-hamsin, mai unguwa ya sa hannu, wani a sashen filaye ya buga hatimi a takarda mai tambarin ƙaramar hukuma. Wannan shi ne awon igiya, kuma unguwanni da yawa da ke kewaye da manyan garuruwanmu a kansa suke. Ba a bar layin da motar kashe gobara za ta shiga ba, ba filin makaranta, ba maƙabarta, magudanar ruwa kuwa sai damina ta zo ta zaɓi hanyarta da kanta ta cikin ɗakunan mutane. Bayan shekara bakwai ko goma sai a wayi gari ma'aikatan hukumar tsara birane ta jiha sun zo da jan fenti suna shafa wa katangu. Ashe tun kafin a yanka fulotin an riga an shigar da yankin cikin da'irar birni a wata sanarwa da ke kwance a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, don haka takardar ƙaramar hukuma ba ta da ƙarfin komai a wurin. Malamin makarantar da ya tara kuɗin adashi ya saya, yana riƙe da takarda mai hatimi, yana tambayar laifinsa. Ba shi da laifi. Hukuma ce ta ba shi abin da ba nata ba, kuma lauya ɗaya mai taswira da kwafin gazet a durowarsa zai iya cewa "Ranka ya daɗe, nan ba huruminmu ba ne" tun kafin a kafa turke na farko.

Haka labi da burtali da mashaya. Tsohuwar Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, amma da yawa daga wuraren da aka keɓe ba a kammala ayyana su a gazet ba, waɗanda aka kammala kuma an yi ta gutsurarsu. Ba dare ɗaya ake cinye burtali ba. Kowane ciyaman ya ba wani na kusa da shi kadada kaɗan, kowane dagaci ya kau da kai, har sai garke ya taso daga mashekari ya tarar da gero inda kakanninsa suka saba bi. In an yi arangama sai a kira 'yan sanda, a kafa kwamitin sulhu, a yanka rago. Ba wanda ke komawa ya tambayi wa ya sa hannu a takardar farko, da wane iko.

Kada a ɗauka rusau ko ƙwace fili abu ne da hukuma ke yi ta kwana lafiya. Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a karɓe dukiyar mutum sai bisa doka, tare da biyan diyya ba da ɓata lokaci ba. A Satumbar 2023 Babbar Kotun Tarayya a Kano ta ci gwamnatin jihar diyyar naira biliyan 30 kan rushe shagunan filin Idi, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Wannan jiha ce, mai ma'aikatar shari'a cike da lauyoyi. Ka ƙaddara ƙaramar hukuma ce ta tashi rumfunan kasuwa ba sanarwa, ba sauraron masu su, aka ci ta ko da kashi ɗaya cikin ɗari na wancan. Albashin wata nawa ke nan?

Sai ma'aikata. Tun da aka yi wa Tsarin Mulki gyara na uku, wanda ya fara aiki a 2011, sashe na 254C ya mayar da duk wata rigimar aiki, daga kora zuwa albashi zuwa fansho, hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai. Kotu ce da ke tambayar abu biyu kafin komai: wa ke da ikon korar, kuma an saurari wanda aka kora? A tsarin da aka saba, ma'aikaci daga mataki na 07 zuwa sama yana hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha, na 01 zuwa 06 ne ke hannun ƙaramar hukuma, shi ma ta hanyar kwamiti. Amma sabon ciyaman yana hawa sai a kafa kwamitin tantancewa, a liƙa sunaye a allon sanarwa, a ce duk wanda aka ɗauka a shekarar ƙarshe ta gwamnatin da ta wuce ya tsaya a gida. Ba takardar tuhuma, ba amsa, wani lokaci ba ko takardar sallama, albashi ne kawai zai daina shigowa. A cikinsu akwai na bogi, ba musu, kuma ya kamata a fitar da su. Akwai kuma ungozomar da ta shekara tana karɓar haihuwa a asibitin ƙauye. In ta sami mai tsaya mata, bayan shekara huɗu ko biyar kotu za ta ce korar ba ta inganta ba, a mayar da ita, a biya ta duk albashin da ta rasa. Wanda ya kore ta ya daɗe da zama ɗan majalisa. Wanda zai biya wani ne, daga kuɗin da aka ware wa rijiyar burtsatse. Abin takaicin shi ne har na bogin kan ci nasara a kotu, don ba a bi hanyar da ta dace wajen cire su ba.

Da a ce kuɗin suna zuwa kai tsaye yadda kotu ta ce, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, da bashin giratuti, da ƙarin girman da aka yi a takarda ba a biya ba, duk a ƙofar ciyaman za su yi layi. Malaman firamare na Abuja sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan wannan albashin, kuma ƙananan hukumomin birnin shida suke bi bashi. Wa zai zauna da ƙungiyar ƙwadago ya rubuta yarjejeniyar da za ta tsaya a gaban alƙali? Ma'aji lissafi ya iya.

Haraji ba sai na tsawaita ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulki ya lissafa abin da ke hannun ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, lasisin kekuna da amalanke, allunan talla, sa wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Kowane kuɗi da za a karɓa a kan waɗannan yana buƙatar dokar da kansiloli suka zauna suka zartar. Ranar kasuwa ka tsayar da yaron da ke yaga rasit a bakin kara, ka tambaye shi wace doka ce ta yanka wannan kuɗin, zai dube ka kamar ka zage shi. Ka je sakatariya ka tambaya, za a yi ta buɗe durowa. Wasu dokokin tun zamanin da ake lissafi da kwabo aka rubuta su, ba wanda ya sake taɓa su, farashin kawai ake canzawa da baki. Sannan a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Ma'anarsa kowane ɗan gari zai iya rubuto takarda ya nemi ganin kwangilar kwalbatin unguwarsu, doka ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ina so in ga fuskar daraktan mulki ranar da irin wannan takarda ta fara isowa.

Wani zai ce En'e ta yi mulki shekara da shekaru ba lauya. Ba haka ba ne. En'e tana da alƙalanta, da 'yan dokarta, da gidan yarinta, a majalisar sarki kuma akwai waziri ko wali, gwargwadon masarauta, wanda aikinsa ke nan ya faɗi abin da shari'a ta ce kafin a zartar. Ko an ji maganarsa ko ba a ji ba, kujerarsa tana nan. A ƙarshen shekarun 1960 aka ɗauke kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran 1976 ya kawo ƙaramar hukuma iri ɗaya a duk faɗin ƙasa. Aka yi sashen mulki, da na kuɗi, da na ayyuka, da na gona, da na lafiya, da na ilimi da walwala. Kujerar walin ce ba a maye gurbinta ba.

Akwai suka mai nauyi da za a yi wa wannan ra'ayi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Za a ce lauyoyi ai suna cikin waɗanda suka fi cin ƙananan hukumomi. A tuna da dala miliyan 418 da wasu masu ba da shawara da 'yan kwangila da lauyoyi suka ce suna bin jihohi da ƙananan hukumomi kan rarar kuɗin bashin Paris Club (ƙungiyar ƙasashen da suka bi Najeriya bashi), wadda gwamnatin tarayya ta amince a 2021 a riƙa cira daga kasonsu, gwamnoni suka yi ta ja. Wani ɓangare na wannan bashin da sunan ALGON, ƙungiyar shugabannin ƙananan hukumomi, aka ƙulla shi, wasu hukunce-hukuncen kuma na amincewar juna ne, wato ba a ma fafata ba. Amma a duba da kyau yadda abin ya faru. An ƙulla yarjejeniya a Abuja da sunan ƙananan hukumomi 774, an yi alkawarin kaso daga kuɗinsu. A cikinsu nawa ne kansilolinsu suka zauna suka amince? Nawa ne wani nasu ya karanta takardar? Lauyan da ke karɓar kaso cikin ɗari yana samun kasuwa ne inda babu lauya mai albashi da zai tambaye shi wa ya aiko shi.

Suka ta biyu ita ce kuɗi, kuma ita ce mafi rauni. Albashin lauya ɗaya a mataki na 12 bai kai abin da ake kashe wa tarin masu ba da shawara da mataimaka na musamman ba, waɗanda wasunsu ko kujera ba su da ita. Inda ƙaramar hukuma ta yi ƙanƙanta ko ta yi nisa, uku ko huɗu da ke maƙwabtaka su haɗa ofishi ɗaya. Lauyoyi ba su yi ƙaranci ba. Makarantar horar da lauyoyi tana da reshe a Bagauda da Yola, duk shekara ana yaye dubbai a ƙasar nan, da yawansu suna zaune a ofisoshin manya a birni ana biyansu abin da bai kai kuɗin mota ba.

Suka ta uku ce ke hana ni barci. Ciyaman ɗin da gwamna ya ɗauko ya ɗora, a zaɓen da jam'iyya mai mulki ta lashe kujeru 44 cikin 44 a Kano, 23 cikin 23 a Kaduna, a Oktobar 2024, shawarar wa zai ji? Kuma in hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ce za ta ɗauki lauyan, ita ma gwamna ne ya naɗa ta. Tana iya tura shi ƙarshen jiha da takarda guda in ya cika tsayawa. Ba ni da maganin da zai kashe wannan ciwo gaba ɗaya, kuma lauya ba zai hana gwamna rushe majalisar ƙaramar hukuma ba. Gwamnatin Katsina ta rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi 34 a 2015, sai a Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar haramtacciya ce, ta ce a biya su haƙƙoƙinsu, lokacin wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa. A rana ɗaya ta yanke irin wannan hukunci kan Oyo. Inda ƙarfi ya yi niyya, zai yi.

Amma yawancin ɓarnar da ake yi a sakatariya ba daga gidan gwamnati ake aiko ta ba. Ta jahilci ce da gaggawa da "ai haka aka saba". A nan ne rubutacciyar shawara ke aiki. A Ingila, dokar ƙananan hukumomi ta 1989 ta wajabta wa kowace majalisa ta naɗa jami'i guda mai sa ido, wanda in ya ga wani mataki zai saɓa wa doka, dole ya rubuta rahoto ga majalisar gaba ɗaya, a dakatar da matakin har sai an zauna a kansa. Ba ya hana su yin abin da suka ga dama daga ƙarshe. Abin da yake hana su shi ne su ce ba su sani ba. Wannan kaɗai in aka kawo nan zai sauya lissafi. Ciyaman ɗin da ya san akwai takarda a fayil mai cewa "an gargaɗe shi ranar kaza", wadda mai binciken kuɗi zai gani, EFCC za ta iya nema, kotu za ta iya karantawa, zai ɗan ajiye biro ya yi tunani. Ma'ajin da ake matsa wa ya fitar da kuɗi shi ma ya sami abin jingina. Yanzu ba shi da komai sai "Yallaɓai, ina jin tsoro", wannan kuwa ba hujja ba ce a gaban ciyaman.

Sashe na 7 na Tsarin Mulki ya bar tsarin ƙananan hukumomi a hannun majalisun dokokin jihohi, don haka ba sai an jira Abuja ba. Gyara ne na shafi biyu a dokar ƙananan hukumomi ta kowace jiha. A kafa ofishin, a ce mai riƙe shi lauya ne da ya yi wasu shekaru yana aiki, a ɗauke shi ta jarrabawa da sa idon ƙungiyar lauyoyi ta NBA. A ce ba a raba fili, ba a rushe gini, ba a sallami ma'aikaci, ba a sa hannu a kwangilar da ta wuce wani adadi, ba a amince da sulhu a kotu, sai da rubutaccen ra'ayinsa a fayil. A hana shi tsaya wa ciyaman ko kansila a shari'arsu ta kansu ko ta jam'iyya. A ce ba a cire shi ko a yi masa canjin wurin aiki sai da dalili a rubuce da kansiloli suka gani. Sannan duk wata uku ya karanta wa majalisa jerin ƙararrakin da ke kan ƙaramar hukuma, da kotun da suke, da kuɗin da ake nema a kowace. Ciyamomi da yawa ba su san adadin shari'un da suka gada ba sai ranar da banki ya bugo waya ya ce an kawo odar kotu a kan asusun albashi.